Gwangwanaye Uku na Jatau Bakin-Majigi

Mutanen Tungar Marke, wani ɗan ƙauye a kudancin Nasarawar Burkullu, da abu biyu suka san Jatau: tsoro da iya magana. Tun yana ƙarami, in aka ce kura ta yi kuka a fadama, shi ne farkon mai shigewa bayan zanen Innarsa. Ya girma bai sake hali ba. Ba ya taɓa maciji ko da matacce ne, ba ya shiga gulbi in ruwa ya wuce gwiwa. Amma in ya zauna ya buɗe baki, mai sauri zuwa gona ma sai ya jingine fartanyarsa ya tsaya.

Sunan Bakin-Majigi kuwa ya samo shi ne shekara kusan sittin da suka wuce. Yana da shekara ashirin da 'yan kai, ya kai gero kasuwar Gummi a kan jaki. A kasuwar akwai wani mutum mai suna Dodo, wanda ya sayi tsohon injin majigi a hannun wani Kwara, Balarabe mai sayen gyaɗa a Gusau, irin injin nan da ake juyawa da hannu. Dodo ba ya jiran faɗuwar rana. Siton gyaɗa yake ara ranar kasuwa, a toshe tagogi da buhuna, a rataya farin akoko a bango, a rufe ƙofa.

Jatau ya shiga ne don abokansa sun ja shi. Fim ɗaya tak Dodo yake da shi, kuma ba ya magana, ba kiɗa, sai ƙarar injin, ƙar-ƙar-ƙar. Wata Baturiya ce da jinjirinta a wani gida a bakin gulbi. Wani mutum mai doguwar baƙar hula yana son gidan, ya ƙulla wa mijinta sharri aka tafi da shi a ɗaure. Jinjirin ya kamu da ciwo. Matar ta goya shi a ƙirji ta fita cikin ruwan sama neman likita, ga gulbi ya kawo, ga gadar katako tana rawa.

Da ta ɗora ƙafa a kan gadar, Jatau bai san lokacin da ya miƙe ba.

"Ke! Koma! Wallahi ba ta ɗaukar ki!"

Aka fashe da dariya. Shi kuwa bai ji ba, ya ci gaba da yi mata magana, yana roƙonta, yana tsine wa mai baƙar hula. Dariyar ta mutu, siton ya yi tsit, kowa ya koma sauraronsa. Matar ta kai tsakiyar gada, katako ya karye a ƙarƙashin ƙafarta, sai ƙyallen ya yi fari fat. Fim ɗin gwangwani huɗu ne, uku Kwaran ya ba Dodo, na huɗun ba wanda ya taɓa ganinsa.

Ranar Dodo ya tare shi a bakin ƙofa, ya ce, "Kai nike nema. Injin na da ido, baki ne ba ya da shi."

Shekara goma suka yi suna yawo tsakanin Gummi da Bukkuyum da Anka da ƙananan kasuwanni, Dodo na juya inji, Jatau na tsaye gefen ƙyalle. Rubutun da ke fitowa tsakanin hotuna ba wanda ya iya karanta shi, wani malamin makaranta ma ya ce ba Turancin Ingila ba ne. Jatau ya raɗa wa matar suna Hafsa. In ƙyalle ya yi fari, shi ke ƙarasa labarin da baki. Yawanci yakan ƙetarar da ita. Amma satin da Innarsa ta rasu, a kasuwar Bukkuyum, ya bar ruwa ya tafi da ita da jinjirin, har wani mahauci ya ci kwalarsa ya ce sai ya dawo da su. Abin mamaki, ya ga gadar nan ta karye fiye da sau dubu, kuma kullum sai gabansa ya faɗi kamar ranar farko.

Daga baya injin ya lalace, aka rasa mai gyara. A Gusau kuma gidajen silima masu magana da waƙa sun riga sun janye mutane. Da Dodo zai rasu ya bar wa Jatau gwangwanayen uku, masu faɗi kamar faifai, masu nauyi. Jatau ya sa su a babbar tukunya, ya liƙe bakinta da yumɓu, ya haƙa rami a kusurwar ɗakinsa ya binne, ya ɗora gadonsa a kai. Ya koma noman gero da dawa. Ya auri Habsu, suka haifi 'ya'ya. Shekarar da gubar dalma ta shiga ƙauyukan masu daka dutsen zinari, jikokinsa biyu suka rasu a Tungar Guru cikin mako guda. Habsu ba ta daɗe ba ta bi su. Sannan mutanen daji suka zo da bindigoginsu da baburansu, tsoro ya zama abincin kowa, har aka daina yi wa Jatau dariya.

A bazarar da ya cika shekara saba'in da tara, bayan ƙaramar Salla da kwana uku, 'yarsa Lubabatu da ke koyarwa a wata firamare a Anka ta aiko a ce masa ya hau tudun da ake samun sabis, za ta kira shi da hantsi. Ya hau da sandarsa. Bayan sun gaisa ta ce, "Baba, ga wani malamin jami'a, Malam Sadiq, ɗan maƙwabtanmu ne, ya zo Salla gida. Tarihin fina-finai yake koyarwa, yana neman tsofaffin da suka san majigi. Na ba shi labarinka."

Malam Sadiq ya gaishe shi da ladabi, ya yi ta tambaya. Da ya ji cewa gwangwanayen na nan, sai ya mayar da tambayoyinsa a kansu.

"Baba, zaren hoton da ke ciki, faɗinsa ya kai yatsa biyu?"

"Ya kai."

"Mutanen ciki suna tafiya da sauri-sauri?"

"In Dodo ya ji yunwa, har gudu suke yi."

Malam Sadiq bai yi dariya ba. Ya ce, "Baba, ka saurare ni da kyau. Irin wannan fim, in hasashena daidai ne, ya haura shekara ɗari. Lokacin ba a gano yadda za a haɗa hoto da murya ba, shi ya sa a ƙasashe da yawa akan tsayar da mutum gefen ƙyalle yana bayani, kamar yadda ka yi. Mafi yawan fina-finan wancan zamani sun ɓace, kuma wuta ce ta ci da yawa daga ciki. Abin da ake yin zaren da shi ɗan'uwan albarushi ne. In ya tsufa, zafi kaɗai na iya tayar da shi ba tare da ashana ba. In kuwa ya kama, ruwa ba ya kashe shi."

Jatau ya zauna a kan tudun.

"Malam, kana nuhin shekara arba'in da biyar bisa albarushi nike kwana?"

"Sanyin ƙasa ne ya taimake ka. Amma bana zafin ya yi yawa. Yara nawa ne a gidan?"

Yara goma sha ɗaya ne a gidan, na 'ya'yan ƙaninsa, kuma rufin ɗakuna duk ciyawa ce. Jatau ya ce zai je ya jefa abin a gulbi yanzu-yanzu. Malam Sadiq ya yi ta roƙonsa. Ya ce mai yiwuwa a duk duniya babu sauran wannan fim sai wanda ke ƙarƙashin gadonsa. Ya ce a tono a hankali, a naɗe da jiƙaƙƙen buhu, a ajiye a inuwa nesa da gida da wuta, shi kuma zai nemi hanyar da za a kawo su Anka.

Da rana tsaka aka tono tukunyar, don Jatau ya ce ba zai ƙara shiga ɗakin ba sai an fitar da ita. Ɗan ƙaninsa ya fasa yumɓun. Wani wari mai hawa kai ya taso. Gwangwanayen sun yi tsatsa, ɗaya yana tsiyayar wani abu mai yauƙi a gefe. Matan gida da na maƙwabta suka leƙo ta kan danga, suka ga tsoho yana ɗaukar abu mai nauyi kamar ƙwai, yana korar kowa da hannu. Ya kai gwangwanayen ƙarƙashin wata tsamiya a bayan gari, ya rufe da buhuna, ya zuba ruwa.

A ƙasar da mutane ke ɓoye zinari a gwangwanin madara da cikin katifa, ba sai an faɗa wa kowa abin da zai zata ba. Kwana biyu bayan haka, maƙwabcinsa Umaru ya same shi a gindin tsamiyar yana jiƙa buhuna, ya tsuguna kusa da shi, ya yi ƙasa da murya.

"Jatau, magana ta kai daji. An ce zinari gwangwani uku ka tono. Jiya an tambayi masu kai musu burodi ina ne gidanka."

"Wane zinari? Hoto ne, Umaru! Kai ma ka gani a kasuwar Bukkuyum kana saurayi!"

"Ni na sani. Su ba su sani ba, kuma ba su tambaya sau biyu. In sunka zo ba su samu ba, gidan duka za su kwashe."

Jatau ya koma tudun sabis, ya kira 'yarsa. Lubabatu na jin abin da ake ciki ta fashe da kuka. Mijinta Surajo, mai shagon kayan masarufi a kasuwar Anka, mutum ne mai shekara arba'in da biyar, mara yawan magana. Ya karɓi wayar ya ce, "Baba, gobe da sassafe ina nan tahe da babur. Ka shirya, kai da kayan duka."

Washegari, rana ba ta fara zafi ba suka bar Tungar Marke. Surajo na tuƙi, Jatau na bayansa, gwangwanayen na tsakaninsu a cikin jiƙaƙƙen buhu, sanyinsu na ratsa cikin tsohon. Duk ramin da babur ya faɗa sai Jatau ya runtse ido ya ce, "Innalillahi." Ya yi ta duban bututun hayaƙi yana janye buhun. Gonaki duk a bushe, ƙauyuka biyu da suka wuce ba kowa, ƙofofi a buɗe, ko kaza babu.

Sun yi kamar awa ɗaya suna tafiya, hanya ta gangara wani busasshen rafi. Suna haurowa suka gan su: mutum huɗu, babura biyu, a inuwar wata kanya. Ɗaya ya ɗaga hannu kawai. Surajo ya tsaya.

Babbansu ya rufe fuska da rawani, idanu kaɗai ake gani. Na kusa da shi dogo ne siriri, bindiga a kafaɗa, taba sigari a baki. Suka sa Surajo ya kwanta rub da ciki, ɗaya ya taka masa baya. Jatau ya sauko da buhun a rungume, ya ji wani ɗumi yana bin cinyarsa, bai ma ji kunya ba.

"Tsoho, kai ne mai zinari?" in ji mai rawanin. "Ka hutar da mu tahiya. Aje."

Ya ajiye. Dogon ya tsuguna, ya zare buhun, ya sa wuƙa ya ɓanɓare murfin gwangwani na farko. Warin ya bugi hancinsa ya kau da kai. Sannan ya sunkuyo yana leƙen baƙin naɗin da ke ciki, tabar na bakinsa, tokarta ta yi tsawo, tana lanƙwasa a daidai saman gwangwanin.

Jatau ya nemi muryarsa ya rasa. Bakin da ya ciyar da shi shekara goma ya bushe ƙaf. Ya ga tokar ta ƙara lanƙwasa. Sai ya ji wata ƙara ta fita daga maƙogwaronsa.

"Tabar! Don girman Allah janye tabar! Duk muna mutuwa!"

Bindigogi biyu suka juyo kansa. Dogon ya miƙe, ya kife shi da mari har hularsa ta faɗi.

"Ni kake yi wa tsawa?"

"A'a, ranka ya daɗe, ba tsawa ba ce. Wanga abu wuta ne. Ba zinari ba ne, hoto ne na dauri, amma in ya ji wuta ya hi hetur. Ku bari in gwada muku. Ɗan kaɗan. In ƙarya nike ku harbe ni."

Mai rawanin ya dube shi na ɗan lokaci, sannan ya gyaɗa kai. Jatau ya durƙusa, ya kamo bakin zaren. Ya yanko kamar taƙi ɗaya, ya rufe gwangwanin, ya ja su duka nesa, ya kai guntun kan wani dutse ya dawo da baya-baya. Dogon ya yi murmushin raini, ya matsa, ya jefa guntun tabarsa a kai.

Fuu! Harshen wuta ya tashi ya kai ƙirjin mutum, da wani huci kamar na maciji. Dogon ya yi tsalle da baya ya faɗi zaune. Wanda ke taka Surajo ya ɗana bindiga. Kafin a ƙifta ido wutar ta cinye, sai baƙin tabo a kan dutse.

Mai rawanin ya tako, ya buɗe gwangwani na biyu da kansa, ya warware zaren kamar kamu biyu, ya ɗaga shi saitin rana. Ya daɗe yana dubawa, yana matsar da shi a hankali tsakanin yatsunsa.

"Wace ce wagga?"

"Hafsa... haka nike kiran ta."

"Mi ya samu ɗan?"

Jatau ya fara magana, yana tsayawa yana nishi. Ya faɗi mijin da aka ɗaure, da zazzaɓin jinjirin, da ruwan sama, da gadar. Bai yi ado ba, bai canza murya ba kamar yadda yake yi a da. Idonsa na kan rana da ke ƙara hawa, da gwangwanin da ke buɗe. Da ya kai inda katako ya karye sai ya tsaya.

"Sannan?" in ji mai rawanin.

Jatau ya rasa wanda zai zaɓa. In ya kashe su, mutumin na iya fusata. In ya raya su, yana iya cewa ana yi masa wayo.

"Ta ƙetare. Likita ya ba shi magani, ya tashi."

Mai rawanin ya saki zaren ya faɗi ƙasa. "Ƙarya kake, tsoho. In sunka kai haka ba su tashi." Ya juya baya. "Ku ɗauki babur ɗin."

Suka karɓe wayar Surajo da takalmansa da abin da ke aljihunsa. Amma dogon bai huce da faɗuwar da ya yi a gaban 'yan'uwansa ba. Ya ɗauki gwangwani na uku, wanda gadar ke ciki, ya buɗe, ya mirgina shi cikin busasshen rafin. Ya ƙyasta ashana a dunƙulen ciyawa ya wurga.

Jatau bai taɓa ganin wuta irin wannan ba. Ta miƙe sama ta wuce tsawon kanyar, tana ruri kamar injin niƙa, hayaƙi rawaya yana tuƙuƙi. Zafinta ya dake su daga inda suke. Ya faɗa kan sauran biyun ya rufe su da jikinsa da babbar rigarsa, yana jiran ya ji sun tashi a ƙarƙashin cikinsa. Yana jin mutanen suna shewa, sannan ƙarar babura uku, sannan shiru.

Surajo ne ya ɗago shi. Fuskarsa duk ƙasa, leɓensa ya fashe.

"Baba, mu bar su nan mu tsira da rai."

Jatau ya dubi gwangwanayen. Shi ma abin da zuciyarsa ke faɗa masa ke nan. Amma ya tuna ciyawar da ke kewaye, da iskar bazara, da makiyayan da ke bi ta nan da dabbobi. Ya ce, "In munka bar su cikin rana, daji duka za su ƙone. Ɗauki ɗaya."

Suka naɗe zaren da ya warware, suka raba buhun biyu, kowa ya ɗora nasa a ka. Surajo ba takalmi, ƙasa kuwa kamar kasko. Gorar ruwa ɗaya ta rage musu. Ba su sha ba. Duk bayan ɗan lokaci Jatau kan taɓa buhunsa, in ya ji ya fara bushewa sai su tsaya a inuwa su ɗiga ruwa a kai. Sau biyu ya rantse ya ji gwangwanin na motsi a kansa, ya sauke ya ruga da gudu irin na tsoho, ya tsaya daga nesa yana haki, ba abin da ya faru. Duk ƙarar da iska ta kawo sai su faɗa bayan geza su lafe.

Ruwan ya ƙare wajen azahar. Allah ya haɗa su da wata Bafulatana tana jan guga a rijiya. Ta ga ƙafafun Surajo ta girgiza kai, ta miƙa musu ƙwarya. Ta tsaya baki buɗe tana kallon mutanen da ƙishi ya kusa kashewa suna fara shayar da buhu kafin kansu. Daga nan suka kai babbar hanya, wata a-kori-kura mai ɗauke da albasa ta tsaya musu. Jatau ya ƙi hawa sai da ya sa duk wanda ke bayan motar ya rantse ba ya da taba ko ashana a jikinsa.

La'asar sakaliya suka shiga Anka. Lubabatu na ganin su ta zube a tsakar gida. Malam Sadiq ya zo da akwatin sanyi irin na masu sayar da ruwa, da ƙanƙara, ya kai gwangwanayen wani kango da ba kowa a bayan gari. Da ya dawo ya ji yadda aka yi, ya durƙusa gaban Jatau, hawaye na zuba.

"Baba, ni na jawo muku. Da na san haka ne, da na bar ka ka jefa su a gulbi."

"Da ka bari," in ji Jatau. Kwana tara ya yi a kwance da zazzaɓi.

Sai bayan kaka Malam Sadiq ya dawo, da kwamfuta a jaka. Ya ce masana gyaran tsofaffin fina-finai sun yi aiki a kan zaren wata biyar. Rabin gwangwani na farko ya narke ya zama dunƙule, amma an ceto abin da ya kai minti goma sha huɗu. Ya ce an yi fim ɗin a wata ƙasar Turai kafin yaƙin duniya na farko. Masana sun san sunansa ne kawai daga wata tsohuwar takardar talla, sun daɗe da sa shi cikin waɗanda suka ɓace. Ya ce irin waɗannan labarai na kuka da tashin hankali su ne suka koya wa masu yin fim yadda ake matso da fuskar mutum kusa, da yadda ake yanka hoto daga nan zuwa can don mai kallo ya ƙagu, kuma har yau da wannan dabara ake aiki.

Jatau ya saurara, ya ce, "To, su Turawan sun ce mi ne sunanta?"

Malam Sadiq ya faɗa. Jatau ya gwada sau biyu, harshensa ya ƙi, ya bari.

Aka buɗe kwamfutar a zauren gidan. Hoton ya fito, da tabo-tabo kamar ruwa ya taɓa takarda. Ga gidan, ga gulbin, ga matar tana shanya. Malam Sadiq ya ajiye na'urar ɗaukar murya a kan tabarma, ya roƙe shi ya yi yadda yake yi a da. Jatau ya zuba wa hoton ido. Da mai baƙar hula ya bayyana a bakin ƙofa, sai ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya fara. Maƙwabta suka cika zauren har waje. Sau ɗaya ya katse, lokacin da wani babur ya wuce ta ƙofar gida da gudu. Sai da ƙararsa ta ɓace sannan ya ci gaba. Yanzu duk inda aka nuna minti goma sha huɗun nan, da muryarsa ake nunawa, da wannan shirun a tsakiya.

Bai koma Tungar Marke ba. Ɗan ƙaninsa ke noma gonar, yana aiko masa da gero in hanya ta yi kyau. Yawancin yini yana zaune a kan benci a ƙofar shagon Surajo a kasuwar Anka, yana kore ƙuda daga buhun sukari, yana ba masu sayayya labarin da ba su tambaya ba. Ƙafafun Surajo sun warke, sai dai farce biyu da ba su sake fitowa ba, kuma har yanzu a ƙasa yake zuwa kasuwa, bai samu wani babur ba.

A Anka suruki ba ya cin abinci kwano ɗaya da uban matarsa. Amma in azahar ta yi Lubabatu ta aiko da tuwo, Jatau kan jawo kwanon tsakiya ya ce, "Surajo, wanke hannu." Da fari Surajo kan sunkuyar da kai ya ce ya ƙoshi. Yanzu ya daina musu. Masu shagunan kusa sun yi ta magana a kai wata guda, sannan suka gaji suka bari.